Ba a Duba Ni Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Mararaba, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinSa, kuma can muka nufa mu ma. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kafin magariba tabarmin ƙofar gida sun kasa ɗaukar mutane.

Yawancin masu gaisuwar ranar farko masu kemis ne, Kanawa da Katsinawa da Zagezagi, waɗanda suka shekara da shekaru suna aiki da manhajar da ya rubuta musu ta lura da magunguna. Daga cikin gida muna jiyo su. Wani ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke ɗaga ruwan leda a rana kafin ya sha ba sai Malam. Wani ya ce ya taɓa ba shi kyautar agogo, ya karɓa ya yi godiya, ya ɗaura shi kusa da nasa tsohon har wata guda don ya ga wanne ke ƙarya. Aka yi dariya irin ta gidan makoki, gajeriya, aka bi ta da addu'a.

Washegari mutanen ofishinmu suka zo. Na fito zaure na karɓi gaisuwarsu, tunda tare muka yi aiki da shi. Sun yi addu'a yadda ya kamata, amma da za su tashi sai ɗayansu ya sunkuyar da kai ya ce, "Mutumin kirki ne fa. Sai dai abin nan da ya faru, to, Allah ya yafe masa." Sauran suka ce amin da sauri, kowa na neman takalminsa.

Hajiya, matar Kawu, tana bayan labule, ta ji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka shi Uwata yake ce mini, ita kuma Surukata, babu mai kama sunana a gidan. Da na koma ciki ta riƙo hannuna ta ja ni gefen gado.

"Surukata, wane abu ne wannan da suke nema masa yafiya? Shekara biyu ina tambayarsa abin da ya raba shi da aikin nan, ya ce shekaru ne. Ki gaya mini gaskiya. Wani abu ya ɗauka?"

Na ce ba komai, surutun ofis ne kawai. Ta sake ni, amma kallon da ta yi mini ya nuna ba ta yarda ba. Mace ta zauna da mutum shekara talatin da wani abu, ga ta cikin takaba tana tunanin ko ɓarawo ta aura, ni kuwa da na san amsar na ce mata ba komai. Wannan ne ya sa nake rubutun nan.

Kawu bai yarda da komai ba sai ya duba. In ya kulle ƙofa sai ya yi taku biyar ya dawo ya girgiza kwaɗon. In muka je tasha da safe za mu shiga gari, ɗan kamasho na ihun saura mutum ɗaya, sai ya leƙa cikin bas ɗin ya ja da baya. "Ukun can na baya ba matafiya ba ne, Uwata. Dubi ƙafafunsu, silifas ɗin wanka ne. Muna shiga za su fita." Abin haushin shi ne yakan yi daidai. Mahaifiyata ta ce haka ya taso, ko kunun uwarsu sai ya juya cokali a ciki ya gani.

Nakan ce masa, "Kawu, zato fa zunubi ne."

Sai ya ce, "Ko da ya zama gaskiya, na sani. Amma ni ba zato nake yi ba. Mai zato yana zaune ne, ni tashi nake in duba."

Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, har yaran ofis suna kwaikwayonsa a bayan ido: abin da ya yi ƙara ba ya ba shi tsoro, wanda ya yi shiru yake tsoro. Janareta in yana tari, ya ce lafiyarsa ƙalau, yana faɗin ciwonsa. In firij ya yi tsit, sai ya tashi ya taɓa bayansa.

Shi ya kawo ni Abuja. Lokacin mulki ya koma hannun farar hula da 'yan shekaru, garin na tsirar gine-gine ta ko'ina, kowane lungu an buɗe sabon kemis, kowane mai kemis yana son kwamfuta a kan kanta ko da bai san inda ake kunna ta ba. Mahaifina bai so in bar Zariya ba. Kawu ya je da kansa ya zauna a gabansa ya ce, "Uwata ce. Ɗa ba ya barin uwarsa ta wulaƙanta." Ya sama mini kujera kusa da tasa a wani ƙaramin kamfani a Wuse, ya koya mini aikin layi bayan layi. Na fi shi sauri, ya sani, yana kuma faɗa a gaban kowa. Ni kuma kaina ya fara girma.

Akwai wani dattijo Bakatsine mai ƙaramin kemis a Paikon Kore, can bayan Gwagwalada, cikin manoma. Kamfani ba ya tura kowa wurinsa, an ce ribar ba ta kai wahalar nisan ba. Kawu yakan ɗauki Asabar ɗinsa, ya hau mota uku, ya kai masa duk sabon gyaran da muka yi a filashi. Ni a lokacin ban ga alheri a ciki ba. Cewa na yi a raina tsohon nan yana tara abokan hulɗa na kansa ne a ɓoye. Ashe na gaji zarginsa, ban gaji tashi in duba ba.

Sai na ɗan bayyana sana'ar kafin a gane faɗanmu. A manhajarmu kowane irin magani yana da nasa ɓangaren, muna ce masa aji: ajin ƙwaya, ajin ruwan tari, ajin ɗigon ido, ajin allurar da ke kwana a firij, har aji sittin da uku. A samansu duka akwai wani jeri guda da ake kira intafes, Kawu kuwa alkawari yake ce masa. Jerin tambayoyi ne da kowane aji ya yi alkawarin zai iya amsawa: mene ne sunanka, nawa ka rage a kanta, da sauransu. In ka ƙara tambaya ɗaya a alkawarin, nan take duka sittin da ukun za su yi ja a allo, manhajar ta ƙi tashi, sai kowanne ya sami amsarsa.

Wata Litinin Oga, mai kamfanin, ya shigo ya ce ya yi wa masu kemis alkawarin sabon abu ranar Juma'a. Kafin a miƙa wa mutum magani, manhajar za ta faɗi ko lafiyarsa ƙalau ko ya lalace. Tambaya ɗaya ce: za a iya bayar da kai? Ni aka ba aikin. Na rubuta ta, allo ya yi ja wur. Ban damu ba, don akwai dabarar da kowa ya sani: ka rubuta amsa ɗaya, ka danna, na'ura ta kwafe ta cikin duka ajujuwan. Na rubuta eh, na danna. Kafin shayina ya huce jan ya ɓace. Niyyata in koma daga baya in gyara kowanne a tsanake.

Kawu ya dawo daga sallar azahar, ya tsaya a bayana, ya daɗe yana kallon allon.

"Uwata, ɗazu na bar su suna kuka. Wa ya rarrashe su?"

Na nuna masa. Ya jawo kujera.

"Ɗigon ido da aka buɗe wata biyu da suka wuce, me zai ce?"

"Eh. Amma na ɗan lokaci ne, Kawu."

"Allurar da ta kwana uku a firij babu wuta?"

"Na ce zan dawo kansu."

"Ranar da suka daina ja, ranar kika daina ganinsu. Ba ke ba, kowa ma."

Na ce to a sa a'a mana, in tsoro yake ji. Ya girgiza kai ya ce a'a ma ƙarya ce, za ta sa talaka ya zubar da magani mai kyau. Gaskiyar ita ce ba mu sani ba tukuna, kuma malamai sun ce faɗin ban sani ba rabin ilimi ne. Ya karɓi allon rubutun, ya yi amfani da dabarar tawa ɗin nan, dannawa ɗaya, amma maimakon eh sai ya sa kowane aji ya tsaya cak ya fito da rubutu da Hausa: Ba a duba ni ba. Ya ce saurin ba shi da laifi, abin da aka cika da saurin ne abin dubawa. Daga nan ya fara binsu ɗaya bayan ɗaya, yana buga wa masana magani waya, yana tambaya, yana sake tambayar wani don bai yarda da na farkon ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. A makon nan ne ake raɗe-raɗin Oga zai ɗora ni a kan aikin gaba ɗaya, sai zuciyata ta ce ga dalilin. Tsoho ya ga kujerarsa na rawa, yana so ya nuna in ba shi ba komai ba ya tafiya. Na gaya masa a fuskarsa cewa gaggawa aikin shaiɗan ce amma nawa ma ba ibada ba ce. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Uwata," ya ci gaba da bugun wayarsa.

Zuwa safiyar Juma'a ya gama arba'in da huɗu, saura sha tara. Oga ya leƙo ya ce a tura haka nan, ba ya son jin labari. Kawu ya rubuta takarda shafi ɗaya ya miƙo mini, ya ce in kai wa Oga ya sa hannu a aika wa kowane kemis tare da gyaran. Bayani ne a sauƙaƙe: in kun ga wannan rubutu ba lalacewa ba ce, ku duba maganin da idonku kafin ku bayar, muna nan muna ƙarasawa. Na karɓa, na jefa ta a durowa, na tura durowar da gwiwa. Na ce a raina bari ya ɗanɗana abin da taurin kansa zai jawo.

Bayan an sauko daga masallaci wayoyi suka fara. Wani ya ce kwamfutarsa ta haukace, wani ya ce aljani ya shige ta tana magana da Hausa, wani ya ce ga layin mutane a gabansa. Oga ya kira mu ofishinsa mu biyu. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Baba, wannan magana wa ta rubuta shi?"

"Ni ne."

"Kuma ba ka yi warning ba? Ko takarda ɗaya?"

Kawu ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya, bai daɗe ba. Sai ya mayar da idonsa ƙasa ya yi shiru. Ba zai kunyata mai sunan uwarsa a gaban bare ba, na sani, kuma da sanin nan na fake.

Oga ya juyo kaina. "Madam, ke kin san shi. Da gangan ta yi? Tarko ne ta sa, don customers su riƙa kiran shi?"

Ban ce eh ba. Shekara biyu ina riƙe da wannan a matsayin hujja, cewa ban ce eh ba. Amma ban ce a'a ba, kuma a ɗakin nan shiruna ya amsa. Ranar Litinin aka ce Kawu ya je ya huta. Ya kwashe kofinsa da dardumarsa da tsohuwar kwamfutarsa, ya bi tebur tebur ya yi sallama. A nawa ya tsaya ya ce in gaida mahaifiyata in mun yi waya.

Ni kuwa tun yammacin Juma'ar na mayar da eh ɗina cikin sha tara ɗin, aka tura, wayoyi suka yi tsit, aka yaba mini. Na koma na gyara bakwai a watan farko. Sai wani aiki ya taso, sai wani. Sha biyun ba sa ja, ba sa kuka, ban sake ganinsu ba, kamar yadda ya faɗa. Labarin tarko kuwa ya yi ƙafa ya zaga, ya girma a hanya, har wasu na cewa ya kwafi sirrin kamfani ya sayar. Ina zuwa gidansa da salla, ya tare ni da Uwata ta zo, ya sa a yanka kaza. Ko sau ɗaya bai tada maganar ba, ni kuma na riƙa zargin shirun nasa, ina cewa jira yake ranar da zai tona ni.

Ranar addu'ar uku Oga ya zo da kansa, ya zauna a zaure. Ana cikin haka wani dattijo ya yi sallama, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota, ya ce daga Paikon Kore yake, sai jiya ya sami labari. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce yana neman wadda marigayin ke kira Uwata. Aka kira ni, na tsaya a bakin labule, Hajiya na bayana.

"Ke ce? To, saƙo gare ni. Malam bai fasa zuwa wurina ba har watan jiya, duk da idon nasa ya yi rauni. Tun gyaran da ya kawo mini kafin ya bar aiki, ba wanda ya sake aiko mini da komai daga kamfani. Kwamfutar nan tawa da ke cewa ba a duba ni ba, ɗaya bayan ɗaya yake rufe mata baki. Ba ya rufe ɗaya sai ya tambayi mutum uku, ya kuma bar shi wata guda ya gani. Saura guda ɗaya, allurar saran maciji. Mu can manoma ne, kin san damina."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Ni ban ƙi ta da maganarta ba ma. In ta faɗa, sai in ɗaga kwalbar in duba. Bara na ɗaga wata na ga ruwan ya gurɓace, ashe firij ne ya mutu ban sani ba. Na tura mara lafiyar zuwa Gwagwalada a babur, yana nan da ransa. Amma Malam ya ce in Allah bai nufe shi da ƙarasawa ba, kada in damu, uwarsa za ta zo. Ya ce kin fi shi sauri."

Na lura Oga ya ɗago kai, idonsa ya ƙanƙance. Na san abin da yake lissafawa: ga shaida, tsohon yana aiki da kayan kamfani a ɓoye. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

Na faɗi komai a tsaye a wurin, da muryar da maza na waje suka ji. Eh ɗin da na cika, da takardar da ke durowata har yau, da kallon da ya yi mini, da shirun da na yi. Na ce babu tarko, bai ɗauki ko tsinke ba. Na ce a duk kemis ɗin da ke aiki da manhajarmu, ban da na wannan bawan Allah, akwai irin magani sha biyu da ke cewa eh ba tare da an duba su ba, allurar saran maciji na ciki, kuma ni na sa su. Ko wani ya cutu a shekara biyun nan ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba, don abin da na rubuta ba ya barin alama.

Oga ya tashi ya ce za mu yi magana a ofis. Dattijon ya yi ta salati a hankali. Hajiya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rungume ni ba. Ta ce, "Shekara biyu ina kallon mijina ina zarginsa a zuci, yana kallona ya sani. Yau ba zan ce miki komai ba, Surukata." Ta koma ɗaki. Har yanzu ba ta ce ɗin ba, kuma ba ni da bakin neman ta yi sauri.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ranar da za a duba littafinsa a same shi yadda ya bar aikinsa. Wanda duk ya taɓa jin labarin tarko ya kuma kai shi gaba, ina roƙonsa ya kai wannan ma inda ya kai wancan.

Ranar Asabar na hau mota uku zuwa Paikon Kore. Ban rufe bakin na ƙarshen ba, allurar saran macijin nan, na dai tambayi mutum na farko, saura biyu. Ranar Litinin na isa ofis da sassafe, na ciro takardarsa daga durowa na ajiye a teburin Oga. Ya karanta sau biyu, ya sa hannu bai dube ni ba, aka aika ta ko'ina. Sannan na buɗe sha biyun nan, na goge eh, na mayar da kalmominsa biyar, dannawa guda, na tura. Ba a yi awa ɗaya ba wayar teburina ta fara ƙara. Wani mai kemis ne daga Orozo, bai karanta takardar ba, yana faɗa, wai kwamfutarsa ta lalace tana cewa ba a duba ta ba.

Na ce, "Ba ta lalace ba, Alhaji. Gaskiya take faɗa, ni ce ban duba ba. Ɗaga kwalbar a haske ka gaya mini abin da ka gani."